Amsa: yaron da fargaba ta hana zuwa lakwal

'Yar'uwa, kin ce kullum da safe ɗanki sai ciwon ciki, ya ƙi lakwal. In likita ya duba bai ga komai ba, mai yiwuwa fargaba ce, ba shagwaɓa ba. Rashin barci na ƙara mata nauyi, haka ma ƙuncin rai da tsoron idon mutane. Amma babban abin, a ganina, mu iyaye ne. Duk ranar da kika ce "yi zamanka", tsoron ya samu taki. Haka na yi wa 'yata a Tawa, har zaure ta daina leƙawa. Ki raka shi, ki tsaya bakin aji minti 10, gobe 5. In ya faskara, akwai sashen ƙwaƙwalwa a Asibitin Ƙasa na Yamai.