Ɗaukewar numfashi a cikin barci

Malama, kin tambaya ko munsharin maigidanki da ɗaukewar numfashinsa cikin dare matsala ce da ta yawaita. Ƙwarai kuwa, domin wani ƙiyasi na 2019 ya nuna kusan mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 suna fama da ita a duniya. Naman maƙogwaro ne yake saki idan barci ya yi nauyi, har ya toshe hanyar iska. Bayan gwajin barci, likita yakan ba da na'urar CPAP, wadda take hura iska ta hanci don hanyar ta zauna a buɗe. Rage ƙiba da kwanciya a gefe suna taimakawa. Don Allah kada ku jinkirta zuwa asibiti, saboda matsalar tana jawo hawan jini.