Six Sigma zai gyara mana aiki kuwa? Ga abin da na gani

Ɗan'uwa, ka ce shugabanninku na son kawo Six Sigma, wato tsarin rage aibin kaya ta hanyar awo da alƙaluma, kana tambaya ko alƙaluma za su gyara muku aiki. Na daɗe a sashen duba ingancin kaya na wata masana'anta, bari in ba ka nawa.

Amfaninsa ba ƙarya ba ne. A da, duk ranar da kaya suka lalace sai manaja ya nemi wanda zai ɗora wa laifi, kuma kullum masu aikin dare ne. Da muka fara awo muna zana jadawalin sa ido mai nuna hawa da saukar ingancin kaya, irin wanda masanin ƙididdiga Walter Shewhart ya fito da shi a 1924, sai ga shi yawancin hawa da saukar da muke ta cacar baki a kai ɗabi'ar aikin ce kawai. Ainihin ciwon yana jikin wani inji da ke kaucewa idan ya ɗau zafi. Ashe bayin Allah sun sha zargi a banza. Irin wannan tunani Edwards Deming, masanin ingancin kaya, ya koyar a Japan tun 1950, kamfanin Motorola kuma ya gina Six Sigma a kansa a 1986, da burin kada aibi ya wuce 3.4 cikin miliyan.

To amma daga baya aka ɗaura alawus ɗinmu da waɗannan lambobi. Nan gizo ya yi saƙa. Kayan da aka sake gyarawa aka daina rubuta su, masu ƙaramin aibi aka riƙa kau da kai. Rahoto ya yi kyau ƙwarai, kwastomomi kuwa na ta dawo da kaya. Ban ga laifin kowa sosai ba, wa zai rubuta abin da zai rage masa kuɗi?

Sannan tsarin ya fi dacewa da aikin da ake maimaitawa sau dubbai. Kamfanin 3M ya shigar da shi har ɗakunan bincike zamanin shugabansa James McNerney, magajinsa George Buckley ya sassauta shi a can, don sabon abu ba ya da tsofaffin alƙaluman da za a auna shi da su.

Kafin ku biya kuɗin horo, ka tambayi shugabanninku: ma'aikacin da ya kawo lamba mara daɗi, me zai same shi? Ka dawo ka faɗa mana amsarsu.