Ramukan noti sun yi daidai, amma kada ka ɗaura tukuna

Jiya da yamma muna wanke hannu ka tare ni da tambaya. Ka ce: "Maigida, robar fulin gaban injin babbar motar Marsandi 911 ɗin nan ta tsattsage. Na samo wani a Ƙofar Ruwa, na gwada, ramukan noti sun yi daidai. Mai kayan yana da filawil ma, ya fi namu nauyi, ya ce motar za ta ƙara jan kaya. Mu ɗaura?" Kiran sallar magariba ya raba mu, shi ya sa na zauna na rubuta maka amsar, don ka ajiye ta.

Ɗana, kada ka ɗaura tukuna. Na ji daɗi da ka tambaya kafin ka ɗauki sifana, domin da yawa sai sun ɗaure sannan su zo neman shawara.

Abin da kake kira fuli, juya fambel ƙaramin aikinsa ne. Ɗauko tsohon ka goge shi da tsumma, za ka ga kashi uku ne: cibiyar da ke kame da hancin karanshaf (sandar da fistin ke juyawa a cikin inji), zoben ƙarfe mai nauyi a waje, sai roba a tsakaninsu. Damfa ke nan. Injin da ke cikin motar nan, OM352, silinda shida ne a jere, kusan lita 5.7, kuma tun 1964 Marsandi ta fara fitar da shi. Silinda shida a jere na nufin karanshaf dogo. Kai kana ganinsa ƙarfe ne daskararre, amma duk lokacin da gas ya kama a kan fistin, karanshaf ɗin nan murɗewa yake yi ya warware, kamar yadda ake matse wanki, sai dai ɗan kaɗan ne da ido ba ya gani. A kowane zagaye ɗaya sau uku ake dukansa. Idan inji yana zagaye 2,400 a minti, duka 120 ke nan a daƙiƙa guda.

Bayansa filawil, faifan ƙarfen nan mai nauyi, ya riƙe da nauyinsa, gaban kuwa sake yake, shi ke shan kaɗawa. To akwai wani gudu da idan inji ya kai, dukan fistin sai ya zo daidai da kaɗawar karanshaf ɗin kansa. Ka san lilo: in kana tura yaro daidai lokacin da ya dawo, ko da yatsa biyu ne sai ya yi sama. Haka murɗawar ke ninkuwa. Aikin zoben nan shi ne ya ƙi bin wannan kaɗawar, ya riƙa ja da baya, robar kuma ta shanye rikicin ta mayar da shi zafi. Nauyin zoben da taurin robar ba da ka aka zaɓe su ba. An auna su ne da tsawon wannan karanshaf, da nauyin fistin da kwanrod ɗinsa, da filawil ɗin da ke bayansa. Su ukun tafiyarsu ɗaya.

Ka duba ko a gidan Marsandi kanta. OM366 da ya gaji 352, in ka hango su daga nesa sai ka ce tagwaye ne. Amma tafiyar fistin a 352 milimita 128 ce, a 366 kuma 133. Karanshaf ya bambanta, kaɗawarsa ma ta bambanta. Ko 352 ɗin ma akwai mai tobo, akwai marar tobo, akwai wanda aka yi wa janareto da tarakta. Kama da wane ba wane ba ne. Wanda ka samo ba ka san daga cikin wa aka ciro shi ba, mai sayarwar ma da wuya ya sani.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan harka shi ne damfa marar kyau ba ya kuka. Mota za ta tashi, sulo lafiya lau, direba ya biya ya tafi yana sa albarka. Ina ƙaramin bakanike, an kawo mini wata babbar mota zobenta yana rawa, na sa aka bi shi da walda aka haɗe shi da cibiyar. Rawa ta tsaya, kowa ya yaba. Ba a yi wata huɗu ba aka aiko mota ta tsaya da lodin masara a Hawan Kibo. Da muka sauke kwanon baƙin mai, karanshaf ya rabu biyu can baya kusa da filawil, karayar a karkace, kamar an sare rake da adda. Gefe ɗaya na karayar ya yi santsi da layi-layi, alamar tsagar ta daɗe tana ci a hankali. Injin ma yana tashi, yana buga ƙwal-ƙwal, don ɓangarorin biyu suna tura juna. Mai motar ya yi sati uku ba aiki, ya sayar da shanunsa biyu. Waldata ce ta jawo masa, kuma har yau ina jin nauyin abin. Duk wanda ya ce maka a yi wa damfa walda, ka ce maigidanka ya hana.

Ga yadda ake duba shi. Wasu kamfanoni suna buga layi ɗaya da ya ratsa cibiya da zobe. A littafin Cummins na injin 6BT, idan layukan suka goce da abin da ya wuce milimita 1.6, a jefar da shi. Inda babu layi, ja naka da farin fenti, a yi tafiya a dawo ka duba. Robar da ta kumbura ko ta yi laushi, baƙin mai ne ya jiƙa ta, don haka sai ka canza oyil sil na gaba, in ba haka ba sabon ma haka zai ƙare. Akwai kuma irin wanda ba roba, rufaffen gwangwani ne da zobe a ciki yana iyo cikin wani mai kauri na silikon. Wannan ko lotsawa kaɗan ya yi, ko ka ga yana tsatsafo, ya mutu. Kuma ba a cire damfa da guduma, akwai fula, abin da ake janyo shi da shi, a akwatina.

Sai filawil. Maganar wai mai nauyi yana ƙara ƙarfi, babu ita. Filawil ba ya haifar da ƙarfi, ajiya kawai yake yi tsakanin duka da duka. Mai nauyi zai sa sulo ya kwanta, mota ta rage mutuwa wajen tashi da kaya, amma a kan hawa ba zai ƙara mata komai ba, kuma ya sauya lissafin da aka yi wa damfa.

In dole ta sa sai an canza, kwantar da tsoho da sabo a ƙasa gefe da gefe. Ƙirga haƙoran ringiya, zoben da ke kewaye da filawil, ɗaya bayan ɗaya da alli, domin in suka saɓa da na kik, cikin 'yan kwanaki za su cinye juna. Auna faɗin fuskar kuloci da zurfin matakinsa, da ramin ƙaramin boris na tsakiya inda sandar giya ke shiga. Sannan ka nemi alamun taimin. Jamusawa suna buga OT, wato fistin ya kai ƙololuwa, da FB, inda famfo ke fara tura gas. Wani injin a jikin filawil suke, wani a jikin damfa. Ka ɗauko na wani inji ka saita famfo da alamarsa, sai ka kwana uku kana neman dalilin farin hayaƙi da wahalar tashi, kana zargin nozul da ba su yi laifin komai ba.

Mu a silinda shida a jere Allah ya taimake mu, injin da kansa a daidaice yake, filawil da damfa kowanne nauyinsa ɗaya ta ko'ina. Amma wasu injinan V8 na Amurka, wani ɓangare na ma'auninsu a waje aka ɗora shi: za ka ga dunƙulen ƙarfe a gefe ɗaya na filawil ko a bayan damfa. Irin waɗannan in ka haɗa da wanda ba nasu ba, tun a sulo madubi zai fara rawa, metal ɗin da karanshaf ke juyawa a kansa kuma ba zai kai ko'ina ba. Duk ranar da aka kawo irinsu ka kira ni kafin ka kwance noti ɗaya.

Filawil ɗin motar nan na duba shi shekaranjiya. Ringiyarsa ta ci a wuri uku, wanda haka yake ga silinda shida, don kusan kullum a wuraren nan uku inji ke tsayawa. Za mu gasa sabuwa mu zura, mu kai fuskar wurin tona a share ta, a rage matakin daidai da abin da aka share. Shi zai koma mazauninsa.

Gobe da safe ka kankare jikin bulok ka kwafo lambar injin gaba ɗaya, ka ɗauki tsohon damfa a buhu, ka mayar wa mutumin nasa cikin mutunci. Ka nemi wanda lambarsa ta yi daidai da namu, ka danna robar da farce a gabansa. In ba a samu a Ƙofar Ruwa ba, zan yi waya Panteka a Kaduna. Direban kuma bar ni da shi, ni zan gaya masa motar za ta ƙara kwana biyu.