Tambayi Likita: Robar wankin ƙoda ta tsuke, dole sai tiyata?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina yana zuwa wankin ƙoda a Gusau, an dasa masa roba a hannu inda ake soka allura. Kwanan nan jini ba ya tsayawa da wuri bayan an zare allura, na'urar kuma sai yawan kuka. An ce hanyar ta tsuke. Dole sai an sake yanka shi? Daga wata mai karatu, Talata Mafara.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Sau da yawa ba sai an yanka ba. Robar nan, mai faɗin kamar milimita 6, ta haɗa jijiyar da ke kawo jini da wadda ke mayar da shi. Tsukewar takan faru ne daidai inda aka ɗinke ta da jijiyar mayarwa, domin ƙarfin gudun jini yana sa bangon wurin ya yi kauri. Jini ya rasa hanyar wucewa, shi ya sa yake tsiyaya ta hudar allura.

Likita zai yi allurar kashe zafi, ya zura siririn tiyo ta cikin robar, ya tura ruwan da ke fito da jijiya a hoton eksre. Idan tsukewar ta haura kashi 50 cikin ɗari, sai ya zura waya mai ɗauke da 'yar balan-balan, ya hura ta minti ɗaya zuwa biyu har wurin ya buɗe. Lokacin hurawar akwai zafi, kada Baba ya tsorata. Yawanci ranar ake sallama, wanki ya ci gaba ta hannun. Jijiya takan ɗan tsage jefi-jefi, wurin kuma yakan sake tsukewa cikin watanni. Idan tsukewar ta dawo da wuri, ana saka ragar ƙarfe mai rufi ta tokare shi.

Malama, jinkiri ne abin tsoro. Kullum ki ɗora yatsu a kan robar, ki ji tana karkarwa. Ranar da kika ji shiru, jini ya daskare, ku tafi asibiti ranar. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu ana iya narkar da gudan jinin da magani ko a zuƙe shi ta tiyo. Idan akwai mugunya, ja da zazzaɓi, wannan kam ya fi ƙarfin balan-balan, galibi sai an cire robar.

Ba kowace cibiyar wanki ke da kayan aikin ba, ku nemi likitan ƙodarsa ya rubuta takardar turawa tun yanzu. Kafin nan, ban da awon hawan jini ko kwanciya a kan hannun.