Sirrin ɗaliba mai tunanin halaka kanta

Malama, kin tambaya ko ya kamata ki rufe sirrin ɗalibar da ta ce miki tana tunanin halaka kanta. Kada ki rufe shi. Ki bayyana mata a natse cewa za ki nemo taimako, ki sanar da shugaban makaranta a ranar, kuma kada a bar ta ita kaɗai har ta ga likita a babban asibitin Maraɗi.

Sharaɗin da aikin nan ya koya mini shi ne a bincika tushen damuwar kafin a kira gida, domin idan auren dole ne ko duka, sai a fara da dangin da ita kanta ta amince da su.