In biya kuɗin ajin tsofaffin littattafai, ko in karanta abina a shago?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, rabona da aji tun da na gama sakandare. Kwanan nan aka turo mini sanarwa ta WhatsApp cewa wasu za su buɗe ajin karanta tsofaffin littattafan Hausa, duk Asabar har wata uku, ana biyan kuɗin rajista. Sun ce tattaunawa za a riƙa yi, ba lacca ba. Ina sha'awa, amma ina tsoron in je in tarar 'yan jami'a ne zalla, in kasa buɗe baki. Kuma me zai hana in sayi littattafan in karanta a shago? Daga wani mai karatu a Gwammaja.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Babu abin da zai hana ka karanta a shago, littattafan ma ba su da kauri. Biyar ɗin nan da suka biyo bayan gasar rubuta labaran Hausa da Baturen nan Rupert East ya shirya a 1933, wato Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki da Idon Matambayi da Jiki Magayi, kowanne ka iya gama shi a dare biyu. Abin da shago ba zai ba ka ba shi ne mai ja da kai, kuma shi za ka biya wa kuɗi in za ka biya.

Na taɓa jagorantar zama a kan Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, mu tara a kan tabarma bayan La'asar. Kowa yana ta yabon haƙurin Umar, sai wata dattijuwa da ta yi ritaya daga koyarwa ta cire tabarau ta ce, ita a wajenta labarin na uwarsa ne, wadda ta bar gida neman ɗanta har ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Wani saurayi ya ce sam, ai sunan littafin ma ya raba gardama. Na ce to, kowa ya buɗe shafin da zai kafa hujja da shi. Har aka kira Magariba ba a daidaita ba. Na yi shekaru ina koyar da littafin, amma ranar na koma gida na sake karanta shi kamar ban taɓa gani ba.

A nan ne mu Kanawa muke ɗan rikicewa, domin mun tashi da tsarin makarantar zaure. Malam ya ja baƙi ya fassara, ɗalibi yana "na'am", ba ya tsallake maganar malaminsa. Wannan shi ne daidai ga Iziyya da Risala, don ba a ɗaukar fiƙihu da ra'ayi. Amma labarin hikima ba hukunci ba ne. Aikin jagora a irin wannan zama shi ne ya jefa tambaya ya ja bakinsa, ya tsawatar wa mai cinye lokaci, ya zaƙulo wanda ya maƙale a lungu. Da yawa suna rubuta "tattaunawa" a sanarwa, ka je ka tarar mutum ɗaya ne ke magana daga farko har a shafa fatiha.

Saboda haka kada ka tura kuɗi tukuna. Ka nemi su bar ka ka zauna sau ɗaya a matsayin baƙo. Masu gaskiya ba sa ƙin wannan. In ka zauna, ka ƙirga mutane nawa suka yi magana, ka kuma duba ko littafi na buɗe a hannunsu. A ganina in an haura mutum goma sha biyar, layi ba zai zo kan kowa ba. Ka tambayi shafi nawa ake ɗauka a mako. Wanda ya ce zai haɗa maka da Magana Jari Ce duka juzu'i uku a cikin wata ukun nan, gudu zai yi da kai. Ka kuma ji wane bugu ake amfani da shi kafin ka saya, don lambar shafi takan saɓa.

In sun yi alkawarin takardar shaida, ka tambayi wa zai sa mata hannu. Mai neman takardar da za a ɗauke shi aiki da ita, hanyarsa ita ce sashen harsunan Nijeriya na Jami'ar Bayero ko wata kwaleji. Sannan ka leƙa Laburaren Murtala Muhammad ka tambayi zaman karatun da ake yi a gari. Ƙungiyar marubuta ta ANA reshen Kano ma takan yi nata, ko da yake sun fi karanta sabon rubutu.

Batun 'yan jami'a kuwa, kalmomi ne za su zo maka da su. Jigo shi ne saƙon labari, salo shi ne yadda aka faɗe shi, tauraro shi ne wanda labarin ya ginu a kansa. Ka ga ka riƙe su. Ranar da aka zo kan yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke yi wa juna wayo a Ruwan Bagaja, wanda ya shekara goma yana karɓar bashi a Kwari ya fi su abin faɗa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne Asabar ɗin, ranar ciniki ce. Ka tsara da yaron shagonka tun yanzu, ka ware rabin awa bayan Asuba don karatun mako, da biro a hannu. Duk inda wani abu ya ba ka haushi ko dariya ka ja masa layi, ka tafi da shi zaman.