Na'urar Jin Hayaƙi Mai Alamar Nukiliya: Me Zan Yi Da Ita?

Tambaya: Ina sana'ar gwangwan a unguwar Nima, a Accra. Na sayi tarkacen wani tsohon ofis, ciki har da fararen na'urorin nan na silin masu ƙara idan hayaƙi ya tashi. A bayan wasunsu na ga alama mai kunnuwa uku da rubutun Am-241. Yarana na son fasa su don ƙarfen ciki. Akwai haɗari?

Amsa: Ɗan'uwa, ka dakatar da yaran tukuna, kada guduma ta taɓa ko ɗaya.

Rubutun nan sunan amerishiyam-241 ne, wani sinadari mai fitar da tururin nukiliya. Yana cikin wani ɗan gwangwani mai tsaga-tsaga a tsakiyar na'urar, kuma nauyinsa bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na giram ba. Tururin da yake fitarwa, wanda ake kira alfa, shi ke sa iskar ciki ta ɗauki ɗan lantarki. Da hayaƙi ya shiga sai lantarkin ya ragu, na'urar ta yi ihu.

Alfa ba shi da ƙarfin ratsawa, takarda guda ma tana tare shi. Muddin gwangwanin na rufe, ka ɗauka da hannu ba komai. Matsalar tana farawa ne idan aka daka shi ko aka cinna masa wuta, ƙurar ta bi numfashi. A cikin jiki babu abin da zai tare shi. Yakan zauna a ƙashi da hanta, kuma sai bayan shekara 432 ƙarfinsa ke raguwa da rabi. Wannan ne ke damuna, domin na ga yadda samari ke tsayawa cikin baƙin hayaƙin wayoyin lantarki da ake ƙonawa a filin gwangwan na Agbogbloshie, a Accra, kafin a rushe wurin a 2021, ko ƙyalle babu a hancinsu. Ƙarfen da ke ciki kuwa bai kai kuɗin koko ba.

A Ghana, Dokar 895 ta 2015 ce ta kafa Hukumar Sa Ido Kan Nukiliya, ita ke da hurumi kan irin waɗannan kaya. Hukumar Makamashin Nukiliya da ke Kwabenya kuma tana da cibiyar adana irin wannan shara. Ka tuntuɓe su su faɗa maka yadda za ka miƙa.

Kafin nan, ka ware masu alamar, ka cire batir, ka zuba su cikin bokiti mai murfi, nesa da yara da wurin girki. Idan akwai wadda ta riga ta fashe, a sa safar hannu a kwashe cikin leda, a ƙulle, a wanke hannu da sabulu.